A Shirya Kafin a Hau Tudun Yusufari da Dare

Malam Edita,

Muna roƙon fili mu ja hankalin matasan da ke son zuwa kallon taurari a tuddan rairayi na Tulo-Tulowa, ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe.

Abu na farko shi ne wata. A je daga 27 ga watan Musulunci zuwa 3 ga mai kamawa, domin farin wata yana dusashe ƙananan taurari. Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi dacewa: damina ta ɗauke, hazon hunturu bai yi kauri ba, kuma tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta na fitowa ta gabas bayan Isha.

Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Leƙa waya sau ɗaya yana mayar da hannun agogo baya, haka ma farin hasken tocila, don haka a rufe bakinta da jar leda.

Inda aka fi shan wuya shi ne mota. A rage iskar taya kafin shiga rairayi, a tafi da shebur da famfon iska. Idan ta kafe, taka totur ƙara binne ta yake yi. A haƙe gaban tayoyi tukuna.

Kowa ya riƙe lita 4 na ruwa da bargo, sanyin asuba ba ya wasa. Silifa kuwa sam, saboda kunama da kububuwa da dare suke yawo. A isa da sauran rana, a gaida mai gari, a nemi ɗan jagora da labarin tsaron hanya.

Naku,
Masu sha'awar ilmin taurari, Damaturu