Wanda ya kira ka da cikakken sunanka, a ina ya samo shi?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina da shagon POS da hoton takardu kusa da kasuwar Tudun Hatsi a Gombe, kuma ina roƙon ɗan fili in yi magana kan gargaɗin nan da muke ji kullum a rediyo da saƙonnin banki, wato kada ka ba kowa lambar sirrinka. Gargaɗin daidai ne, ni ma ina yi wa duk wanda ya miƙo mini katinsa haɗe da lambar a rubuce a bayan katin. Damuwata ita ce an ɗora nauyin gaba ɗaya a kan mai asusu, alhali ɓarnar takan fara tun kafin wayarsa ta yi ƙara.

Kwanaki yaron shagona ya sayo mana awara, aka naɗo ta a cikin fom ɗin neman shiga wata makaranta. Ga hoton yarinya a manne, ga ranar haihuwarta, ga lambar NIN ɗinta guda 11 cif, ga lambar wayar mahaifinta da sunan unguwarsu, mai ya jiƙa rabin takardar amma komai na karantuwa. Wani ofishi ne ya gama da takardun ya sayar da su a kilo. Haka abin yake a shagunan kwamfuta irin namu: ka buɗe na'urar ka tarar da ɗaruruwan katunan shaida da takardun banki da aka ɗauki hotonsu tun bara, ba wanda ya goge, kuma duk yaron da ya zauna a kujerar zai iya kwashe su a filashi. Masana tsaron bayanai suna kiran wannan hari na shiru, domin maharin ba ya taɓa komai, kallo da sauraro kawai yake yi yana tarawa. Shi ya sa ya fi wuyar ganewa. Kuɗinka na nan, wayarka na aljihunka, ba ka da dalilin zargin komai.

Sai bayan wata biyu ko uku a kira mahaifin yarinyar. Muryar mai ladabi ce, ta ambaci sunansa da na banki, ta karanto masa ranar haihuwa, ta ce za a rufe asusunsa yau saboda BVN ɗinsa bai haɗu da NIN ba. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya shigo da BVN a 2014, sannan aka tilasta haɗa layukan waya da NIN a ƙarshen 2020, mutane sun saba da barazanar rufewa, don haka dattijo ba ya ganin abin mamaki. Ya karanto lambar da ta shigo wayarsa, shi ke nan. Gobe a ce masa shi ya yi sakaci. To, wa ya ba ɓarawon makamin?

Sojan gona ba a banki kaɗai ya tsaya ba. A 'yan ƙungiyarmu ta masu POS an ƙwace WhatsApp ɗin wani dattijo da sunan za a yi taro ta intanet, aka ce ya turo lambobi shida da za su shigo masa don a yi masa rajista. Kafin la'asar ana ta rancen kuɗi da sunansa, kuma mutane sun tura, domin hotonsa ne, lambarsa ce, har da salon gaisuwarsa da aka kwaikwaya daga tsofaffin saƙonni. Abin takaicin shi ne WhatsApp na da makulli na biyu da mutum zai sa da kansa cikin minti biyu, kyauta, amma kaɗan ne a cikinmu suka san da shi.

Mu 'yan kasuwar hatsi abin da ya fi cin mu shi ne sauya bayani. Mutum ya yi cinikin masara buhu ashirin, ya nuna maka hoton rasit a wayarsa, saƙo ma ya shigo taka wayar mai kama da na banki sak, ana lodi yana ta hira da kai. Hoton gyararre ne, saƙon kuma daga wata manhaja aka turo shi. Ni dai a shagona rasit ba hujja ba ce, sai na buɗe asusun na ga kuɗin sun zauna, ko da wanda ya turo kuɗin zai yi fushi ya ce ban yarda da shi ba. Haka nan in dillali ya turo sabuwar lambar asusu a rubuce, a kira shi a ji muryarsa, kuma a karanta sunan da ya fito kafin a danna. Kowace hulɗa ta gaskiya tana da lambar shaida da banki zai iya bi, kuma ita ce ke raba gardama ranar da wani ya ce bai tura ba ko bai karɓa ba.

Akwai kuma harin da ba ya satar komai, hana ka kaiwa ga naka kawai yake yi. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, ana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Su da ke da ma'aikata na musamman ke nan. Ina tunanin makarantunmu masu zaman kansu da ke ajiye sakamakon ɗalibai na shekara goma a kwamfuta ɗaya tilo, ba kwafi a ko'ina.

Doka dai akwai ta. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, har da hukumar da ke kula da ita. Wannan ta biyun ta ɗora alhakin kiyaye bayanan mutane a kan wanda ya karɓe su, kuma a fahimtata ta haɗa da mai makaranta da mai asibiti da ni mai shagon hoton takardu. Amma ban taɓa jin an yi mana bayaninta da Hausa ba, a jihar da ɗanta Farfesa Isa Ali Pantami ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 2019 zuwa 2023.

Roƙona ga gwamnatin jiha shi ne ta umarci ofisoshi da makarantu su riƙa ƙona ko yayyaga tsofaffin fom maimakon sayar da su ga masu tuya. Bankuna su turo gargaɗinsu da Hausa da Fulatanci, su kuma manna lambar toshe asusu a jikin kowace rumfar POS, domin wanda aka sace wa waya da daddare ba zai jira gari ya waye ba. 'Yan'uwana masu shagunan kwamfuta kuwa, mu goge takardar mutum a gabansa kafin ya biya, mu ba shi duk kwafin da ya lalace ya tafi da abinsa. Ita ma jaridar nan, ina roƙon ta aiko wakili ya zaga rumfunan masu ƙosai da balangu na Gombe da yamma, ya karanta abin da ake naɗe mana abinci da shi.

Na gode.

Mai shagon POS,
Tudun Hatsi, Gombe