Ku bar mana labarin aladu, ku koya mana danna ƙirji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na ranar Asabar ya ƙona mini rai. Kusan rabin sa'a kuka kwashe a kan aladun Jami'ar Yale ta Amurka: yadda, a wani bincike da aka wallafa a 2019, aka kwaso ƙwaƙwalen aladu 32 daga mayanka, aka ɗura musu wani ruwa mai kama da jini sa'o'i huɗu bayan yanka, har wasu ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalen suka ci gaba da aiki. Mai gabatarwa sai zumuɗi yake kamar an tayar da matacce. Subhanallahi! Masu binciken da kansu sun ce ba su ga alamar dawowar hayyaci ba. Amma ko minti ɗaya ba ku ware kun gaya mana abin da za mu yi idan mutum ya faɗi a gabanmu ba.

Bara da azumi yayana ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa bayan la'asar. Ina wurin. Wani ya sheƙa masa ruwan leda, wani ya cire hula yana yi masa fifita, wata mai kunu ta kawo albasa aka kara masa a hanci. Ni kuwa riƙe kansa na yi ina ta salati. Muka tare adaidaita sahu, ga cunkoson masu sauri su je shan ruwa. Kafin mu kai asibiti an fi minti arba'in. Likita ya duba shi, ya tambaye ni ko akwai wanda ya danna masa ƙirji. Wallahi ban ma gane tambayar ba. Shi ne ya ce mini idan zuciya ta tsaya, cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa take fara lalacewa, sai dai idan wani ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji yana dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa.

Na san kwana idan ya ƙare babu makawa, amma an umarce mu da neman magani. Har yau nakan kalli hannuwana in tuna suna nan a ranar, ban san amfaninsu ba.

Kowa ya ga ɗan ƙwallon Denmark Christian Eriksen ya faɗi a fili a wasan Denmark da Finland a 2021. Nan take aka danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar girgiza zuciya, ya farfaɗo, har ya koma buga ƙwallo. Don Allah ku kira likita ya bayyana wannan da Hausa, dalla-dalla, ku riƙa maimaitawa duk mako.

Sannan tallar mai maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shirin, wanda ke cewa kwalba ɗaya tana raba mutum da hawan jini da ciwon suga har abada, ku cire ta. Na san mutum biyu a unguwarmu da suka ajiye ƙwayoyin asibiti saboda ita.

Naku mai sauraro,
daga Gusau, Jihar Zamfara