Wasiƙa daga Warri

Assalamu alaikum Malam Sani,

Da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya zafin Gombe? Mu nan damina ta riga ta sauka.

Ka yi mini tambaya kan Kolmani, filin man fetur ɗin nan na iyakar Bauchi da Gombe: tunda an sanar da samun mai a 2019, Buhari kuma ya je ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022, me ya hana a zura bututu a zuƙo kawai? Mutumina, ai ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa. Man yana maƙale ne cikin 'yan ƙofofin dutse da ido ba ya gani. A ɗakin gwajinmu akwai guntayen dutsen da ake yankowa daga cikin rijiya. In ka riƙe ɗaya sai ka rantse busasshe ne, sai ka kai hanci ka ji warin mai. Mukan tura ruwa ta gefe guda mu auna saurin fitarsa ta ɗaya gefen, da lissafin da wani injiniya Bafaranshe, Henry Darcy, ya fitar a 1856 lokacin da yake gwada yadda ruwa ke ratsa yashi a garin Dijon.

Ni dai batun iskar gas ya fi ɗaukar hankalina. Can ƙasa matsi ya yi yawa, gas a narke take cikin mai, ita ke sa shi tsinkewa. Ana ɗiba matsin na raguwa, har a kai inda za ta fara ɓallewa, kamar an buɗe lemon kwalba. Daga nan mai ya yi kauri, gas ta riga shi zuwa bakin rijiya, shi kuwa ya yi zamansa a dutse. Shi ya sa ake ɗauko samfur a rufe da matsinsa, a juye cikin tukunyar ƙarfe mai 'yar taga, a riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan har kumfar farko ta bayyana. Adadin matsin da aka gani a nan shi injiniya ke dubawa ya san yaushe zai fara ɗura ruwa ƙasa don riƙe ƙarfin rijiya. Duk da wannan wahala, a yawancin filaye fiye da rabin man a ƙasa ake barinsa.

Don haka in ka ji 'yan siyasa suna ta kiran ganga kaza, ka tambaye su nawa dutsen zai saki.

Ina nan tafe da Babbar Sallah in Allah ya yarda. Ka gaida Baba, ka ce ina neman addu'a, jarrabawa ta matso.

Naka,
Bashir