Zuwa ga 'yata, kan karatunta na bincike a Yaba

Garki, Jihar Jigawa.

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya. An kai gero gida, yanzu roron wake ake yi, bana dai sai godiya. Innarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Na ji bayaninki cewa cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba a Legas ta amince ki yi aikin digirinki na uku a ɗakin gwajinta, kan sauron da maganin feshi ya daina kashewa. Na yarda, ki tafi, Allah ya sa albarka. Na ɗauki biro ne domin maganar waya iska take bi, takarda kuwa kina iya sake dubawa ran da kika buƙata.

Kafin ki ɗaure kaya, ki tabbatar da abin da zai iya tsayar da ke a tsakiyar hanya. Cibiyar bincike ba jami'a ba ce. Irinsu kan ba ɗalibi wurin aiki da kayan gwaji da malamin da zai duba shi, amma takardar digiri daga jami'a take fitowa. To wace jami'a ce za ta yi miki rajista, wa zai sa hannu a kundinki, wa zai biya kuɗin makaranta? Ki nemi amsa a rubuce. Haka kuɗin tallafi: ki ji watan da zai fara da watan da zai ƙare, kuma ko ya haɗa da haya da sinadaran gwaji. A takarda shekara uku ake rubutawa, amma da yawa sukan kai huɗu ko biyar, ga Legas da tsada. Kada ki sa rai da TETFund, don malaman manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyinsu, ke kuwa ba ki fara koyarwa ba. Malamin da zai duba aikinki kuma, kada sunansa ya ruɗe ki. Ki nemi ɗalibansa na baya ki tambaye su cikin ladabi: yana karanta abin da aka miƙa masa? Yana sa sunan ɗalibi a kan aikin ɗalibi?

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne amanar da za ki ɗauka, kuma kin san garinmu ba baƙon bincike ba ne.

Daga 1969 zuwa 1976, lokacin muna cikin Jihar Kano ba a ƙirƙiro Jigawa ba, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan ƙasar Garki. Ina yaro a lokacin. Ina iya tuna yadda ake jera mu a inuwa, a goge ɗan yatsa da auduga, a tsire shi, a ɗiga jinin a kan ɗan gilashi a shafe shi siriri, a rubuta lamba a gefe. Da asuba a shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki, a rufe ƙofa a yi feshi, sannan a fito da ƙyallen a tsince sauron da ya zubo ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma waɗanda ke kwana zaune da ƙafa a buɗe suna kama sauron da ya sauka a jikinsu. A daminar 1972 da ta 1973 aka feshe bangon ɗakuna da wani magani mai suna propoxur, wasu ƙauyukan kuma aka haɗa musu da rabon ƙwaya ga kowa da kowa. Ƙwayar cutar ta ragu ƙwarai a jinin mutane, musamman inda aka haɗa feshi da magani, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka dakata sai ta komo.

Abin da nake so ki lura da shi: mutanen nan sun kashe shekaru da dukiya mai yawa, abin da suka yi fata bai samu ba, kuma suka rubuta hakan yadda yake a rahoton da ya fito a 1980. Ba su ƙawata shi ba. Shi ya sa har gobe masu nazarin maleriya ke komawa ga alƙaluman Garki, kamar yadda ke ma kika ce an koya muku a aji. Da sun yi kwaskwarima don a yaba musu, da an ɗora shirye-shirye masu tsada a kan ƙarya, da yaran wasu ne za su biya.

Kin bayyana mini yadda gwajinku yake: a zuba matan sauro a cikin bututun da aka naɗe cikinsa da takarda mai magani, su yi awa ɗaya, a mayar da su wuri mai tsabta, bayan awa 24 a ƙirga matattu. In waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, an tabbatar maganin ya daina ci. To ranar za ta zo da za ki zauna ke kaɗai da bututun nan, kin gaji, kuɗi na shirin ƙarewa, lissafin kuma ya ƙi fitowa yadda kundinki yake so. Sauro biyu ko uku ne tsakaninki da sakamako mai kyan gani, kuma ba mai ganinki sai Allah. Ki rubuta abin da kika ƙirga. Mai bincike da mai awo a kasuwa hukuncinsu ɗaya, kin kuma san abin da Alƙur'ani ya faɗa kan masu tauye mudu. Da lambar da kika rubuta wani zai yanke shawarar irin gidan sauron da za a raba wa jiha guda. In gwaji ya lalace don wuta ta ɗauke ko sauron ya mutu tun kafin a fara, ki rubuta a littafinki da kwanan wata, ki faɗa wa malaminki, ki sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai maganar mutane. Sauro za ki nazarta, amma a ɗakunan mutane za ki same shi, wataƙila har ki nemi jinin 'ya'yansu. Kina da labarin 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe mutum sama da dubu 11 a ƙasar nan. A cikin annobar kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, sannan aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗi bai mayar da yarda ba. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin nan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Ni da na yi aikin lafiya a matakin farko ina bin gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa, na sha tsayawa a zaure magidanci ya ce mini, "Malam, ba da kai nake ba, amma ba za a ɗiga wa ɗana abin da ban sani ba." Ba jahili ba ne, uba ne da ya ji abin da ya sami wasu. Sai a 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan sarakuna da malamai da ma'aikata sun sha wuya kafin su gyara abin da ya ɓaci.

Saboda haka izinin kwamitin ɗa'ar bincike da za ki nema kafin fara aiki, kada ki ɗauke shi wani shinge da za a tsallake. Takardar neman yarda kuma, in da Turanci take, ki mayar da ita Hausar da Innarki za ta gane, ki karanta wa mutum a tsanake. Ki faɗa masa abin da za a ɗauka, inda za a kai, da abin da ba zai samu ba, don kada ya zaci magani aka kawo masa. Ki faɗa masa yana da ikon cewa a'a, kuma ƙin nasa ba zai hana shi komai a asibiti ba. A nan ki kula sosai: mutanenmu suna da kara. In mai unguwa na tsaye, mace za ta dangwala yatsa ko ranta bai so. Izinin dagaci na shiga gari ne, izinin mai gida na shiga gida ne, amma jinin mace nata ne, ki tambaye ta ita kaɗai. A wannan kin fi abokan aikinki maza dama, don ke har ƙuryar ɗaki za ki shiga.

In kin gama kuma, ki komo ƙauyen da kika yi aiki ki faɗa musu abin da kika gano, da bakinki, a ƙofar fada. Su ne suka buɗe miki ɗakunansu tun da asuba, sun fi mujallar Ingila haƙƙin ji.

Ba na ganin aikin nan ƙarami ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Maganin nan da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar duk wata a damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, daga bincike irin naku ya fito, wanda aka yi a ƙasashe kamar Senegal da Mali da Burkina Faso, kuma mun ga amfaninsa da idonmu. In za ki zaɓi wurin ɗibar tsutsar sauro, ki duba gonakin shinkafa na Auyo da Haɗejiya, inda ruwa ke kwance rani da damina, manoma kuma na feshin ƙwari ba ƙaƙƙautawa. Sauron da ya tashi a irin ruwan nan ya saba da guba tun yana tsutsa. Ki kai wa malaminki wannan shawarar ku auna ta.

Goggonki ta zo ta yi mini maganar aure, ta ce karatu ya isa haka. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, kada ki riƙe ta a rai. Na gaya mata maganar da muka tsayar da dangin yaron tana nan, shi ma ya san da tafiyar kuma ya amince. Ki kira ta da kanki ki yi mata sallama. A Legas ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki nemi ɗaki kusa da wurin aiki ko da ƙarami ne, don kada dare ya riƙa yi miki a hanya.

Ki sanar da ni ranar tafiya da abin da ya rage na kuɗin haya, akwai buhunan riɗi da na ajiye saboda wannan. In kuma aikin fili zai kawo ki wajenmu da damina, ki faɗa mini da wuri, in je in gai da hakimi in shaida masa kafin ku iso.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare.

Mahaifinki.