Ramin da aka bari a buɗe yana da mai shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai ji rauni a kan titi ko kasuwa ko tashar mota saboda sakacin wani, sai a rufe maganar da "ƙaddara ta, a bar ma Allah". Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da ita bargon da mai sakaci zai lulluɓa da shi.

Yayana ɗan baro ne a nan Gusau. Bara da damina aka tone magudanar ruwa a bakin wata kasuwa, aka zuba kankare rabi, aka bar rodi a tsaitsaye, aikin ya tsaya. Babu shinge, babu fitila, ko jan ƙyalle ba a ɗaura ba. Ruwan sama ya cika ramin har ya shafe bakinsa. Bayan magariba ya turo buhunan masara, ya afka ciki. Ƙashin cinyarsa ya karye, rodi ya yage masa ƙwauri. Ɗorin gida bai kama ba, sai da aka yi masa aiki a asibiti aka sa ƙarfe. Tumakin matarsa sun tafi, keken ɗinkina na biyu ya bi su. Yanzu da sanda yake tafiya, baron kuma haya yake bayarwa, abin da ake kawo masa bai kai kuɗin cefane ba.

'Yan dubiya sun yi ta cewa Allah ya sa kaffara ne, muna cewa amin. Amma ranar da na ambaci diyya, kawunmu ya dube ni ya ce, "Yaro, da ƙaddara za ka yi shari'a?" Na ce masa, "Kawu, ba da ita ba, da wanda ya haƙa ramin ya tafi."

Kuma ba ra'ayina na faɗa masa ba. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya bayyana cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya yi wani abu makamancin haka a hanyar Musulmi, alhali ba shi da damar yinsa a wurin, shi ke da lamunin duk raunin da ya biyo baya. A littafin dai aka kawo wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya ba Amru bin Hazmi, wadda ta ƙayyade diyya: rai raƙuma 100, hannu ko ƙafa 50, kowane yatsa 10, haƙori 5. Addinin da ya sa wa haƙori ɗaya kima bai ce a karya cinyar magidanci a ce masa sannu kawai ba. Yafewa alheri ce babba, amma mai haƙƙi ke yin ta da kansa bayan ya san yana da haƙƙin. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, ya kamata a ce wannan babin ɗan baro ma ya san shi. Sau nawa muka ji an karanta shi a huɗubar Juma'a?

Ta ɓangaren dokar ƙasa kuwa akwai tarkon da talaka bai sani ba. Dokar da ke kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara a kan hukuma ko jami'inta, in ban da wasu yanayi ƙalilan. Wasu hukumomin ma sai an aika musu da sanarwa a rubuce kafin a je kotu. Wa ke lissafin kwanakin kotu alhali majinyacinsa na kwance ana neman kuɗin jini da na allura? Lokacin da muka samu zama da lauya, ya ce ɓangaren hukuma ya riga ya kuɓuce, sai ɗan kwangila. Sannan ya tambayi hoton ramin a ranar, da sunayen waɗanda suka ciro shi, da rahoton likita, da rasidin magunguna. Ramin an rufe shi bayan abin ya faru. Mai ɗori kuma ba ya ba da takarda.

Don haka nake roƙon duk wanda irin wannan ta samu, Allah ya kiyaye, a samu mutum ɗaya a dangi ya ɗauki hoton wurin da waya tun kafin a taɓa shi, ya karɓi lambar shaidu, ya adana kowace takardar asibiti. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 saboda marasa ƙarfi, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, inda ba a biyan kuɗin shigar da koke. In a cikin otal ko makaranta ko rukunin shaguna abin ya faru, a tambayi inshorar ginin, domin tun 2003 doka ta wajabta wa gine-ginen da jama'a ke shiga su yi ta. Ba kullum ake kaiwa gaban alƙali ba, sau da yawa sulhu ya wadatar, amma a yi shi a rubuce da shaidu, kada a karɓi kuɗin goro a sa hannu tun ba a san ƙarshen jinya ba.

Ina kira ga 'yan majalisarmu su tsawaita wannan wa'adi na wata 3 ga wanda ya ji rauni, kuma kada a biya ɗan kwangilar da ya bar rami ba shinge. Kai kuma Edita, ka tura wakilanka Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara kafin ruwa ya sauka, su ɗauko hotunan kwatocin da ba murfi da wayoyin wuta da ke reto a kan hanya, su tambayi wanda ke da alhakin kowanne, a buga mu gani.

Naka,
Wani tela daga Gusau, Jihar Zamfara