Kafin a sayi fenti, a duba bango: gyaran ɗaki a gidan da akwai ƙananan yara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, mu yi magana a kan abin da ke cin kuɗin magidanta duk shekara ba tare da biyan buƙata ba, wato gyaran ɗaki. Da zarar Sallah ta matso, ko an yi haihuwa ana shirin suna, sai maigida ya ruga kasuwa ya sayo bokitin fenti, a kira wani ya shafe ɗaki a yini ɗaya. Ɗaki ya yi fes. Kafin damina ta raba tsakiya fentin ya kumbura daga ƙasa, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, mai rarrafe yana tsinta yana kaiwa baki. Sai a ce fentin jabu ne. Wani lokaci haka ɗin ne, amma galibi bangon ne ba a duba ba.

Abin da ya fi kashe fenti shi ne danshi, kuma gane shi ba ya buƙatar ko sisi. A yanki leda kamar taku ɗaya a kowane gefe, a manna ta a ƙasan bango da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. In aka cire aka ga gumi a fuskar da ke manne da bango, ko wurin ya yi duhu, ruwa na fitowa daga cikin ginin. Wata alamar ita ce farin gari mai kama da kanwa da ke tsatsowa a kan filasta. Gishiri ne da ruwa ke ɗaukowa daga ƙasa ko daga bulo, ruwan ya bushe ya bar shi a ƙarƙashin fenti, shi kuma ya ture fentin. A goge shi da busasshen burushi. Kada a wanke da ruwa, domin narkewa zai yi ya koma ciki, bayan mako biyu ya sake fitowa.

Daga nan sai a fita waje a nemi inda ruwan ke shiga. Yawanci ɗaya ne cikin waɗannan: indararo yana zuba a gindin bango, ko wurin wanke-wanke da randa suna jingine da bayan ɗakin, ko ƙasar waje ta taru ta fi daɓen ciki tsawo, ko kwanon rufi yana yoyo ta ramin ƙusa. Buhun siminti ɗaya da aka yi daɓe mai gangara da shi a bayan ɗaki, faɗin taku biyu, ya fi bokitin fenti uku amfani. In kuɗin bai isa a yi duka biyun ba, ra'ayinmu a yi daɓen bana, fenti ya jira. Shi ya sa ma lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga watan Nuwamba zuwa gaba, lokacin da bango ya sha iska ya bushe.

Inda filasta ta ruɓe, a ƙwanƙwasa da bayan cokali. Wurin da ya yi ƙarar fanko ya rabu da bulo, a fasa shi a cire. A share ƙura, a jiƙa wurin sosai kafin a sa sabon kwaɓi, don busasshen bulo yana shanye ruwan siminti nan take, kwaɓin ya ƙi kamawa. Ma'aunin shi ne kwano ɗaya na siminti, kwano huɗu na yashi mai laushi da aka tankaɗe. Wasu na zuba siminti da yawa suna zaton ƙarfi ne, alhali tsagewa yake jawowa. A riƙa yayyafa wa facin ruwa safe da yamma har kwana biyar zuwa bakwai, musamman da hunturu. Sannan a yi haƙuri mako uku zuwa huɗu kafin fenti ya taɓa shi. Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa: a yi faci da safe, a shafa fenti da la'asar, bayan wata guda wurin ya yi dabbare-dabbare. Tsaga siririya kamar gashi ana iya cike ta. Amma wadda yatsa ke shiga, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga tana ƙara buɗewa, wannan maganar harsashin gini ce, a kira magini ya gani.

Masu ginin ƙasa kuwa, kada a ruɗe ku da shafa siminti kai tsaye a kan jar ƙasa. Ba sa riƙe juna. Ruwa ya shiga tsakani, wata rana ɓangaren ya zubo gaba ɗaya, wataƙila a kan yaro. Yaɓe da farar ƙasa, da makuba ta ɓawon ɗorawa da iyayenmu ke yi wa daɓe da bango, sun fi dacewa da irin wannan gini domin suna barin bango ya fitar da danshinsa.

Yanzu lissafin fenti. Ɗaki mai taku 12 a kan 12, tsayi taku 10, kewayensa taku 48 ne. In aka ninka da 10 aka cire ƙofa da taga, za a samu kusan murabba'in taku 440. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe kusan murabba'in taku 100 a shafa ɗaya, kuma shafa biyu ake yi. Ke nan bango na buƙatar kusan lita 9, silin kuma lita 3, jimilla galan uku mai lita huɗu-huɗu. Babban bokiti mai lita 20 ya isa bangon ɗaki biyu, don haka maƙwabta biyu na iya haɗa kuɗi su raba. Fenti mai araha da yawa yakan ci shafa uku ko huɗu kafin ya rufe, ƙarshe kuɗin ya zo ɗaya, ga shi yana bin tafin hannu da rigar yara kamar alli.

Kafin shafawa a shafa tafin hannu a tsohon fentin. In ya fito fari, a goge bangon da ɗanyen tsumma a bar shi ya bushe, in ba haka ba sabon fentin a kan gari zai zauna. Baƙin tabo na fumfuna a wanke shi da bilic, kofi ɗaya a kofi huɗu na ruwa, taga a buɗe, kuma kada a gauraya bilic da wani maganin wanki ko na banɗaki, hayaƙinsa na da illa. Shafar farko a kan sabuwar filasta a ɗan sirka ta, ruwa kashi ɗaya fenti kashi uku, don bango ya sha. Ta biyu ruwa kaɗan kawai. A bar awa uku zuwa huɗu tsakaninsu. A fara da silin, sannan bango daga sama zuwa ƙasa. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa a yayyafa ruwa a tsakar gida, a sakaya taga da labule.

Gidan da akwai yara, taku huɗu na ƙasan bango shi ne filin daga: hannun miya, gawayi, biro, majina. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a raba bango biyu. Sama fentin ruwa mai haske, ƙasa fenti mai wankuwa, mai ɗan duhu. Galan ɗaya ya isa wannan ƙasan shafa biyu. Don layi ya miƙe, a auna taku huɗu a kowace kusurwa, a shafa wa zare bula ko alli, mutum biyu su ja shi ya yi tsam, a ɗaga tsakiya a saki. Zai bar layi a bango.

A nan ne muke so iyaye su tsaya su saurara da kyau. Fentin mai, wanda ake sirkawa da tina ko kananzir, wani yana ɗauke da dalma, musamman launuka masu ƙarfi kamar rawaya, ja, ruwan lemo da kore. 'Yan Najeriya ba su manta da abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kisa farat ɗaya kamar haka, amma hanyar ɗaya ce: ƙura ta sauka a ƙasa, yaro ya dafa, ya sa hannu a baki. Tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jikin yaro da aka san ba shi da illa. Iyakar da ake ba ƙasashe shawarar su sa wa fenti ita ce kashi 90 cikin miliyan. Saboda haka a karanta jikin gwangwani, a nemi wanda aka rubuta babu dalma, a guji wanda aka haɗa a kasuwa aka ɗura a gwangwani marar suna. In da hali, a sayi fentin ruwa mai sheƙi wanda ake iya wankewa, a huta. Muna kira ga hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki, ta riƙa ɗaukar irin wannan fenti daga kasuwanni tana gwadawa, ta kuma sanar da jama'a sakamakon da Hausa.

Haɗarin ya fi yawa wajen kankare tsohon fentin mai a ƙofa, taga ko gadon ƙarfe. Kada a goge shi a bushe, kada a ƙona shi. A fitar da yara da mai juna biyu daga sashen, a shimfiɗa leda, a jiƙa wurin a goge da jiƙaƙƙen samfefa, a naɗe ledar da dattin a zubar, a goge ƙasa da ɗanyen tsumma sau biyu maimakon shara da tsintsiya. Wanda ya yi aikin ya canza kaya ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Ɗakin da aka shafa wa fentin mai, kada yara su kwana ciki sai bayan kwana uku taga a buɗe.

Ranar aiki kanta tana da tarkonta. Kananzir ko tina da aka zuba a gorar lemo, yaro ba ya bambance shi da ruwa. In tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin amai na tura kananzir ɗin ko tinar cikin huhu. A nufi asibiti kawai. Bokitin ruwan wanke burushi kuma a zubar da shi nan take. Yaro mai koyon tafiya nauyin kansa na rinjayarsa, in ya leƙa ya kifa ba ya iya fitowa, kuma ba a jin kukansa.

Rubutu a bango ba ya hanuwa da duka. A ba yaro nasa wurin. A sami falanki mai santsi, taku biyu a kan uku, ko a keɓe wani yanki na bangon. A dama cokali biyu na farin siminti irin na cike tsakanin tayil da ruwa kaɗan har gudaji su mutu, a zuba a kofi ɗaya na baƙin fentin ruwa, a shafa sau biyu. A haɗa kaɗan-kaɗan, yana saurin daskarewa. Bayan kwana uku a goga alli a kwance a kan fuskar duka a share, in ba haka ba rubutun farko ba zai gogu ba. Kada a yi amfani da baƙin cikin batir wajen baƙanta allo.

Sauran kwalliyar ba ta buƙatar kasuwa sosai. Teloli na tara ƙyallaye buhu-buhu. Sosan tsohuwar katifa in aka yanka shi taku ɗaya da rabi a kowane gefe, aka shanya a rana, aka ɗinka masa riga da haɗin ƙyallayen atamfa, ya zama matashin zama. A sa zif ko a yi bakin ya hau kan juna don a riƙa cirewa ana wankewa, ban da maɓalli ko duwatsun ado da yaro zai cisge ya haɗiye. Kwalin taliya ko na sabulu yana zama ma'ajin kayan wasa: a dama cokali biyu na sitaci da ruwan sanyi kaɗan, a zuba kofi ɗaya na tafasasshen ruwa ana juyawa kamar koko, ya huce, a shafa wa kwalin siriri, a lulluɓe da atamfa, a shanya yini guda. In aka lafta da yawa kwalin zai lanƙwashe, in bai bushe sarai ba kyankyaso zai same shi. Masu zaman haya da ba a yarda su yi fenti ba na iya manna yadi marar nauyi a bango mai santsi da wannan sitacin. Ranar tashi a jiƙa shi a ɓare, a goge wurin.

Abu na ƙarshe shi ne kabet ɗin jere da sif da teburin talabijin. Yaro na jawo aljihun ƙasa ya taka, nauyi ya rinjayo gaba. A sa kafinta ya ɗaure saman kowanne da bango da ƙarfe biyu masu lanƙwasa, ya huda bango ya sa roba kafin ya ɗaura sukur, domin ƙusa kaɗai a bulo mai rami zarewa take yi. Tangaran da manyan tukwane su koma ƙasa, masu sauƙi sama. Kada a ajiye alewa ko waya a saman, yaro na kallo. Ledar ɗaki kuma kada a shimfiɗa ta sai daɓe ya bushe ƙarau, a manne bakinta na ƙofa da gam don kada ya naɗe ya harɗe masu gudu.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu sana'ar fenti da ɗinkin kayan ɗaki, Kano.