Ƙafa biyar ɗin da kuka yaba: martanin wata mai sikila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikata, na rubuto ne kan sharhin da ya fito a shafinku na adabi game da littafin nan na Amurka, Five Feet Apart, wanda Rachael Lippincott ta fitar a 2018, fim ɗinsa kuma ya biyo baya a 2019. Mai sharhin ya kambama littafin ƙwarai, har ya shawarci marubutanmu na soyayya da su ɗauki hannu a wurinsa. A nan muka raba gari. Ni mai sikila ce, na haura talatin, kuma na karanta littafin da idon wadda ta san warin asibiti tun tana goye.

Ga wanda bai karanta ba, labarin Stella ne da Will, 'yan shekara 17, suna kwance a asibiti ɗaya da cutar da likitoci ke kira sistik faiburosis. Cuta ce ta gado wadda ke tara majina mai kauri a huhu, ta kuma hana abinci narkewa yadda ya kamata. Dokar likitoci ita ce masu wannan cuta su bar tazarar ƙafa shida tsakaninsu, don ƙwayar cutar da ke huhun wannan kada ta bi tari ta koma huhun wancan. Shi Will yana ɗauke da wata ƙwaya mai taurin kai, B. cepacia, wadda ba ta jin yawancin magunguna, ita ce ma ta sa aka cire shi daga layin dashen huhu. Stella kuwa jiran sabon huhu take yi. Idan ta ɗauki ƙwayarsa, ita ma an cire ta ke nan.

Ban ce marubuciyar ba ta yi ƙoƙari ba. Ta nuna tulin ƙwayoyin da ake haɗiya, da rigar da ke girgiza ƙirji don majina ta saki, da robar abinci da ake sa wa a ciki. Stella mai lissafin lokacin shan magani kamar ma'aji, na gane ta sarai, don ni ma haka nake da folik asid da Paludrine.

Amma ku duba inda labarin ya dosa. Stella ta ce cuta ta sace mata abubuwa da yawa, don haka ita ma za ta sace ƙafa ɗaya. Sai ta rage tazarar ta koma biyar, suna riƙe da sandar sunuka, kowa da nasa bakin. An shirya wurin ne don mai karatu ya tafa. Bayan rasuwar amininta Poe, sai su biyun suka sulale daga asibiti cikin dare da dusar ƙanƙara, suka hau kan tafkin da ya daskare, a daidai lokacin da ake nemanta a waya don an samo mata huhu. Ƙanƙarar ta fashe, ta faɗa ruwa, Will ya tsamo ta ya hura mata numfashi baki da baki. Sakamakon duk wannan ganganci? Ba ta ɗauki ƙwayar ba, an yi mata dashen, ta farka lafiya. Akwai wata nas a littafin da ta yi gargaɗi, har ta ba da labarin wasu masoya biyu da ta taɓa ƙyalewa suka kusanci juna suka mutu. Labarin ya saurare ta, sannan ya nuna mana cewa gargaɗin bai shafi jaruma ba. Waɗancan biyun ba su ci sa'ar zama taurarin littafi ba, shi ya sa suka mutu.

Jiki ba ya yin wannan alfarma. Ranar da na yi wa sanyin hunturu taurin kai, ko na manta da shan ruwa a wurin biki, ƙasusuwana ba sa tambayar ko dalilina mai daɗin ji ne. Kuma dashen huhu ba ƙarshen wahala ba ne kamar yadda aka nuna. Claire Wineland, matashiyar da ta ba masu fim ɗin shawara, wadda kuma aka sadaukar mata da shi, ta rasu a 2018 tana da shekara 21, kwanaki kaɗan bayan an yi mata irin wannan dashe.

Sai maganar kuɗi, wadda ta ɗan leƙo a bakin Poe ta koma. Ɗakin Stella tsaf, da hotuna a bango, ba wanda ya zo da takardar biya ya tsaya a kanta. A watan Oktoban 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Trikafta, maganin da ya sauya rayuwar mafi yawan masu sistik faiburosis, amma farashinsa na shekara ya haura dala 300,000. Wannan shi ne babban labarin masu cutar a yau: wa zai samu, wa zai rasa. Mu ma namu ke nan. A ƙarshen 2023 an amince da Casgevy, maganin gyaran ƙwayar halitta na masu sikila, a kan dala miliyan 2.2. Mu a nan ko haidiroksiyuriya, wanda binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna yana rage wa yara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ba kowane uba ke iya sayensa wata bayan wata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar a kwaikwaya. Sistik faiburosis da sikila hanyar gadonsu ɗaya ce: sai uwa da uba dukansu suna ɗauke da ita a ɓoye. Idan AS, wato mai ɗauke da sikila a ɓoye, ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato mai ciwon. Kowane ciki na ce, ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba kamar yadda ake faɗa a gidan biki, don akwai gidan da uku suka zo a jere. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da sikila a ɓoye, kuma ƙiyasin da aka daɗe ana ambato shi ne jarirai 150,000 ake haifa da cutar duk shekara a ƙasar nan. To idan marubuciya a Kano ko Gusau ta ɗauki wannan salo, me za ta rubuta? Saurayi da budurwa AS da AS, iyaye sun hana, likita ya yi gargaɗi, su kuma suka ce so ya fi ƙarfin takardar gwaji, a shafin ƙarshe Allah ya ba su 'yan biyu AA. 'Yan mata za su karanta a waya su yi hawaye, su tura wa ƙawaye. Stella aƙalla huhunta ta sa a caca. A namu labarin wanda zai biya ba a ma haife shi ba. Ba banza ba Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, da gwajin jinsin jini a ciki.

Kada a ɗauka ina cewa mai ciwo ba ya soyayya. Muna yi, har da kishi. Abin da na gaji da shi shi ne ƙofa biyu kacal da ake buɗe wa irinmu a labari: ko mu mutu a yi kuka, ko mu janye jiki don masoyi ya huta. Poe ya bi ta farko, Will ya bi ta biyu, ya tafi ya bar Stella don kada ya cutar da ita. Mu da muka girma ana raɗa a bayanmu cewa ba za mu kai ashirin ba, mun san illar irin wannan labari a gidan surukai.

Ga abin da ban gani ba tukuna a littafi. Yarinya mai SS da ta yi ta juya maganar a zuci, ta rasa ranar da za ta faɗa wa saurayinta. Uwar saurayin da ta ce ba za a kawo mata asibiti cikin gida ba. Mijin da ya koyi dafa ruwan gashi da tsakar dare, ya san inda ake samun jini idan an ce a ƙara. Daren da ciwo ya motsa, mutum na birgima yana roƙon allura, ma'aikacin jinya na masa kallon ɗan ƙwaya. Da kuma ranakun lafiya, waɗanda su ne suka fi yawa, ana zuwa aiki, ana faɗa a kan kuɗin cefane. Ko cikin waɗannan babu abin da zai riƙe mai karatu?

Ina roƙon ku, Malam Edita, idan 19 ga Yuni ta zagayo, ranar sikila ta duniya, ku ba masu ciwon shafin adabin nan na mako guda, su yi sharhin littattafan da aka rubuta a kansu. A cikinmu akwai malamai da ɗaliban jami'a da za su cika shi ba tare da an roƙe su sau biyu ba.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Mai karatunku,
wata malamar makaranta daga Zariya